Bunsuru da Tattabaru Masu Kumbura Wuya

An yi wani Bunsuru a wani gari na dabbobi da ke gefen fadama. Manomi ne, kuma ba laifi, ya iya noma. Aibinsa ɗaya ne: ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Da ka faɗi rabi sai ya girgiza gemu ya ce, "Na sani," ya ƙarasa maka sauran da abin da ya ga dama.

Maƙwabciyarsa Bushiya ce, danga ɗaya ta raba su. 'Yar ƙarama ce, ba ta da surutu. In ana magana takan dunƙule wuri ɗaya ta kasa kunne, har sai mai maganar ya gaji don kansa.

Can ƙetaren rafi kuma akwai tsohon Kunkuru, wanda ya yi shekara da shekaru yana kiwon tattabaru. Katangar gidansa cike take da tsofaffin tukwane, kowace tukunya da tattabaru biyu a ciki. Kada ku tambaye ni yadda Kunkuru ya hau katanga ya jera su, ni ma haka na tarar da labarin. Shi kuma maganarsa kamar tafiyarsa take. Yakan faɗi kalma huɗu ko biyar, ya tsaya ya huta, sannan ya ci gaba.

Wata shekara da kaka, an gama girbi an cika rumbuna, Bushiya ta ga tattabarun Kunkuru suna shawagi da yamma. Abin ya ba ta sha'awa. Kashegari ta ɗebi gero a ƙwarya, ta ƙetare rafi, ta yi sallama.

"Baba, kiwon tattabara nake so in fara," in ji ta. "Ban san komai a kai ba."

Kunkuru ya ce ta zauna. Ya fara bayani da hantsi, bai gama ba sai la'asar, Bushiya kuwa ba ta motsa ba.

Ya ce mata tsohuwar tukunya ta isa gida, amma a ɗora ta sama inda muzuru ba zai kai ba. Kada bakinta ya kalli gabas, don daga nan hadari yake tasowa. A sa musu ruwa mai tsabta a kasko kullum, a watsa gero ko dawa safe da yamma, a bar musu 'yan tsinkaye a tsakar gida su kwasa su yi sheƙa.

Sannan ya zo kan babbar maganar.

"Mai fara kiwo," ya ce, ya huta, "da 'yan shila yake farawa."

'Yan shila su ne 'ya'yan tattabara da ba su fara tashi ba. Ya ce babbar tattabara ta riga ta san gidansu, duk inda ka kai ta hankalinta yana can. Ɗan shila kuwa, inda ya fara buɗe fiffike nan ne gidansa har abada. Wanda ya nace sai manya, to ya ɗauki namiji tare da macensa, ya ɗaure musu gashin fiffike da zare, kada ya kwance sai sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe.

"Zare na 'yan kwanaki ne," in ji Kunkuru. "Abin da yake ɗaure tattabara a gida, ƙwai ne."

Bushiya ta tambayi yadda ake gane namiji.

"Wanda kika ga yana kumbura wuya, yana gurnani, yana juyi yana jan wutsiya a ƙasa, shi ne namiji. Mace ba ta da lokacin wannan."

Ya karɓi ƙwaryar gero, ya zaɓo mata 'yan shila biyu daga tukwane daban-daban. Ya ce in idonsa bai ruɗe shi ba, namiji ne da mace.

In kun taɓa ganin ɗan shila kun san ba abin kallo ba ne. Baki zaƙo-zaƙo, ciki tulu, gashi nan akwai nan babu. Bushiya tana sa su a tukunya ke nan Bunsuru ya leƙo ta kan danga.

"Maƙwabciya, 'ya'yan ungulu kika tsinto?"

"Tattabaru ne."

"Tattabara tashi take yi. Waɗannan ko tsayuwa ba su iya ba."

"Baba Kunkuru ya ce mai fara kiwo..."

"Na sani. Mai fara kiwo da ƙarfinsa yake farawa, kuma ƙarfinki ke nan. Ki bari ki ga yadda manya suke yi."

Kafin wannan rana Bunsuru bai taɓa tunanin tattabara ba. Amma a ce 'yar mitsitsiyar maƙwabciyarsa tana da abin da ba shi da shi, wannan ba zai yiwu ba. Ya je wurin maginin tukwane ya sayo sababbi ashirin, ya shafe su da farar ƙasa, ya jera su a kan katangarsa. Duk ya juya bakinsu gabas, saboda hanyar kasuwa ta nan ta bi, kuma yana so masu wucewa su gani.

"Maƙwabci, bakin tukunyar..." in ji Bushiya.

"Ya yi kyau, na sani."

Da safe ya ƙetare rafi. A ƙofar gidan Kunkuru akwai tsamiya, inda dabbobi sukan zauna shan inuwa. Ran nan Jaki yana wurin, da Agwagwa, da wasu masu zaman kashe wando. Ganin jama'a ya ƙara wa Bunsuru ƙarfin murya. Ya ce manyan tattabaru yake so, guda ashirin, kuma shi zai zaɓa da kansa.

Ya tsaya a tsakar gida yana nunawa da ƙaho.

"Wancan mai ƙirjin. Da wancan mai juyi. Da wancan da yake tafiya kamar shi ya kafa garin."

Masu shiru-shirun da ke leƙowa daga cikin tukwane ko kallo ba su ishe shi ba. Duk wanda ya kumbura wuya ya yi gurnani, Bunsuru ya ce a kama masa. Ba sai an faɗa ba, kowa a gindin tsamiya ya ga abin da ya ja shi gare su. Sun yi kama da shi.

Kunkuru ya dubi kwandon da aka zuba su, ya miƙa wuya.

"Malam Bunsuru, waɗannan da ka zaɓa duk..."

Ya tsaya hutawa.

"Duk masu tsada ne, na sani. Na ba ka kashi ɗaya cikin uku na rumbuna."

Kunkuru ya girgiza kai, yana nufin ba maganar da yake yi ke nan ba. Bunsuru ya ɗauka albarka aka ce masa.

"To, rabi."

"Ba haka ba. Cewa nake, waɗannan duk..."

"Duk ka fi son su, na sani. Kowa yana son abu mai kyau. Rumbun duka, har da irin da na ware. Sai me kuma?"

Geron nan shi ne abincin Bunsuru na shekara, irin kuma shi zai shuka in damina ta faɗi. Kowa ya san haka, har shi.

Kunkuru ya sake gwadawa ta wata hanya.

"In suka dawo..."

Wannan karon Bunsuru ya ji haushi sosai. Ya buga ƙafa a ƙasa.

"Su dawo ina? Su bar sababbin tukwane masu farar ƙasa, su dawo wannan kangon? Jama'a ku shaida. Duk wadda ta bar gidana ta dawo nan, na bar masa ita, halak malak."

"Mun shaida," in ji Jaki.

Kunkuru ya ga ba a shirya jin sa ba, sai ya sallama. Duk da haka ya ɗauko zare, ya sa aka ɗaure wa kowace gashin fiffike, ya ce kada a kwance sai sun...

"Sai sun saba, na sani," in ji Bunsuru, ya ɗauki kwandonsa.

Jaki ne ya yi jigilar geron. Ya yini yana ƙetare rafi, kafin rana ta faɗi rumbun Bunsuru ya koma fayau.

Sai da aka kwana aka tashi Bunsuru ya tuna cewa tattabara ma gero take ci. Ya kakkaɓe gindin rumbu ya sami abin da bai cika tafi biyu ba. Daga ranar Bushiya ce take watso musu ɗan tsaba ta kan danga. Ba don shi take yi ba, tsuntsayen ne suka ba ta tausayi.

Zaman lafiya kuwa babu. Tun asuba tattabarun nan suke kumbura wuya suna saran juna, wannan ya kori wancan daga tukunya, wancan ya mari wannan da fiffike. Gashi ya cika tsakar gida. Ba wanda ya ɗauki tsinke ko ɗaya don yin sheƙa. Bunsuru ya ce jarumta ce, irin gidan da suka zo ne ya bi jininsu.

Abin da ya fi damunsa daban ne. Da yake an ɗaure musu fiffike, a ƙasa suke yawo. Ran nan Agwagwa ta zo wucewa, ta tsaya ta leƙa.

"Malam Bunsuru, ashe kiwon kaji ka fara? Allah ya sa albarka."

Maganar nan ta tsaya masa a wuya. Ya yi kwana biyu yana juya ta, a na uku ya aika gida-gida cewa ranar kasuwa kowa ya biyo ta ƙofarsa da la'asar, a ga abin da ba a taɓa gani ba a garin.

Bushiya ta same shi yana tsinke zaren da haƙori.

"Maƙwabci, yau kwana bakwai kawai. Ba su yi ƙwai ba, kuma ba za su..."

"Ba za su daɗe ba su yi ba, na sani. Ke dai je ki ba 'ya'yan ungulunki ruwa."

"Ka bar ni in ƙarasa mana."

"In kin ƙarasa me zai ƙaru? Matsa, kada a taka ki."

Bushiya ta matsa. Ta koma gindin danga ta dunƙule.

Jama'a ta taru, har da 'yan kasuwa na wasu garuruwa. Bunsuru ya hau kan turmi, ya gyara gemu, ya buga ƙafa. Tattabaru ashirin suka tashi fir a lokaci ɗaya.

Gaskiya abin ya yi kyau. Suka yi sama, rana tana dukan fikafikansu, suka kewaya gidan sau ɗaya. Bunsuru ya dubi jama'a. Suka kewaya na biyu, sun ƙara nisa. Bunsuru ya dubi Agwagwa musamman. A na uku sai suka miƙe sak, suka nufi ƙetaren rafi.

"Ruwa suka je sha," in ji Bunsuru.

"Ga ruwa a kasko," in ji Agwagwa.

"Na rafi suka fi so."

Aka tsaya ana jira. 'Yan kasuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don suna da tafiya a gaba. Da rana ta yi ja, saura Jaki kaɗai. Ya dubi sama, ya dubi Bunsuru da ke kan turmi har yanzu, ya ce, "Mun dai shaida," ya kama hanya.

A gidan Kunkuru kuwa, matan tattabarun nan sun yi kwana bakwai suna kwanci su kaɗai, ba mai karɓar su su fita su ci abinci. Ko da mazan suka sauka, kowanne ya wuce tukunyarsa kai tsaye ya hau kan ƙwai, kamar wanda ya je unguwa ya dawo.

Kunkuru ba macuci ba ne. Kashegari ya aiko Jaki ya ce a gaya wa Bunsuru ya zo ya kwashi geronsa, tunda tsuntsaye sun dawo. Da Bunsuru ya sauke kai a ranar, da labarin ya ƙare nan. Amma Jaki ya isar da saƙon ne a bakin hanya, a gaban mutane.

"Ka ce masa Bunsuru ba ya amai ya lashe," in ji shi. "Ya riƙe. Gero ba ya gabana."

Rani ya shigo. Bunsuru ya koma cin busasshen ganye da ɓawon itace, in ya yi sa'a ya tsinci 'ya'yan gawo. Haƙarƙarinsa suka fito, gemun ma ya sirance. Duk wanda ya tambaye shi labarin tattabaru sai ya ce asiri aka yi musu. Tukwane ashirin suna nan a jere a kan katanga, farare tas, ƙadangaru sun tare a ciki.

A ɗaya gefen dangar ba wani abin mamaki da ya faru. Kullum Bushiya takan wanke kasko ta zuba ruwa, ta watsa tsaba, ta share ƙarƙashin tukunya. 'Yan shila suka yi gashi. Wata safiya suka tashi, suka kewaya gidan, suka dawo tukunyarsu, don ba su san wani wuri ba. Da bazara ta kusa, ɗaya ya fara kumbura wuya yana juyi, ɗayar ta fara kwasar tsinkaye. Aka yi ƙwai biyu. Bayan kwana goma sha takwas aka ƙyanƙyashe. Kafin waɗannan su gama koyon tashi, an sake yin wasu biyu.

Sai hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan shuka. Tukwanen Bunsuru suka cika da ruwa, har ƙadangarun suka yi ƙaura. Da gari ya waye kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Bunsuru ya tsaya a ƙofar gida yana kallon su. Gonarsa tana nan, ƙasa ta jiƙu, ba shi da ƙwayar iri ko ɗaya. In kwanakin nan suka wuce bai shuka ba, yunwar baɗi sai ta fi ta bana.

Ya ji muryar Kunkuru a gidan Bushiya. Tsohon ya zo ganin sababbin 'yan shila, kuma an ce tun shekaranjiya ya baro gida. Bunsuru ya yi ta kai da kawowa a bakin danga. Daga baya ya zagaya ta ƙofa, ya yi sallama da ƙaramar murya.

Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, geron nan da ka ce in zo in kwasa."

Kunkuru ya ce ai ya yi ta ajiya har wata uku, ba a zo ba. Tattabaru kuma sun yi ta ƙaruwa, rani ya yi tsawo. Waɗanda Bunsuru ya saya, da matansu da 'ya'yansu, su suka cinye shi. Ko na ɗanɗano bai rage ba.

Bunsuru ya zauna a ƙasa. Yunwa ta cinye masa ƙarfin gardama.

Kunkuru ya miƙa wuya ya dube shi.

"Dama akwai maganar da na fara yi maka. Waɗannan da ka zaɓa duk..."

Ya tsaya hutawa. Gemun Bunsuru ya motsa, bakinsa ya buɗe don sabo, sai ya rufe shi.

"...maza ne," in ji Kunkuru.

"Duka ashirin ɗin?"

"Duka. A lokacin matansu suna gidana a kan ƙwai."

Bunsuru ya sunkuyar da kai. Kalma biyu ce, kuma ya biya rumbu guda don kada ya ji ta. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Bushiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi masa jaje ba. Ta ce tattabarunta sun yi wa tukunya ɗaya yawa, shi kuma yana da tukwane ba tsuntsu. Ta ce ya kawo mata su, ita kuma ta ba shi iri ƙwarya guda.

"Amma ka bar ɗaya a katangarka," in ji ta.

Da kansa ya yi ta ɗauko tukwanen, yana zubar da ruwan ciki, yana jera su a gidan Bushiya. Wannan karon da ta ce bakin tukunyar, sai ya tsaya cak ya jira, har ta ce ya kalli yamma. Masu dawowa daga gona suka gan shi, Agwagwa ma ta gan shi, ba yadda zai yi.

Da ya gama, Bushiya ta miƙa masa ƙwaryar iri. Sannan ta ɗauko 'yan shila biyu, masu baki zaƙo-zaƙo da ciki tulu, ta ajiye a gabansa. Bunsuru ya daɗe yana kallon su.

"Maƙwabciya, wanne ne namijin?"

"Ka bari su girma," in ji Bushiya. "Wanda ka ga ya yi kama da kai, shi ne. Ɗaya ya isa gida."

Bunsuru ya ɗauki 'yan shilarsa a hankali ya kai su tukunya ɗayar da ta rage masa. Ya shuka gonarsa a makare, ya sami abin da ya samu. Kowace yamma in ya ɗaga kai, yakan ga tattabarun Bushiya suna shiga fararen tukwanen da ya shafa wa farar ƙasa da kansa.

Darasin wannan labari shi ne, wanda zai fara abin da bai sani ba, ya fara da kaɗan, kuma ya bar wanda ya sani ya kai ƙarshen maganarsa. Bushiya ta ba da ƙwaryar gero da yini guda na saurare, ta cika katanga da tattabaru. Bunsuru ya ba da rumbu, ya zaɓi masu kama da shi, ya tashi da tukunya ɗaya. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba.